Yadda na tara dara da lido da daraf cikin gwangwani ɗaya

Abin daga gilashin lido ya faro. Irin lidon nan na kasuwa mai firam ɗin katako da gilashi a sama, na uku kenan da ya fashe a gidanmu cikin shekara guda, wanga karon autarmu ce ta taka shi da dare an ɗauke wuta, Allah ya tsare bai yanke ta ba sosai. Gidanmu a Birnin Kebbi gidan yawa ne, ni da yayyena biyu da iyalanmu, yara sun haura goma, in anka yi hutun makaranta to ko dai ka samar musu abin yi ko kuma su wuni suna rigima kan wayar uwayensu, kuma ni gaskiya wayar nan ba na son ta a hannun yaro. Ga lido ya fashe, ga allon daraf ruwa ya kumbura shi tun damina, ga whot saura kati talatin da wani abu, kowane wasa da nashi kwali kuma kowane kwali akwai abin da ya ɓace a ciki.

Ina cikin neman yadda zan zana lido da kaina a intanet sai na ci karo da wani abu da ake kira piecepack. Wani mutum mai suna James Kyle ya ƙirƙiro shi a 2001 kuma ya bar shi kyauta, kowa na iya yin nashi ba sai ya nemi izini ba. Shi ba wasa ba ne, kayan wasa ne, kamar dai karta da take kati 52 amma wasannin da ake yi da ita ba su ƙirguwa. A cikinshi akwai tayil 24 masu kusurwa huɗu, da 'ya'ya 24 masu kamar kwabo, da dayis 4, da 'yan dogayen 'ya'ya 4. Gida huɗu ne, kowane gida na da alamarshi, kuma kowane gida yana da tayil shida daga wanda ba komai sai ɗaya har biyar. Abin da ya kama ni shi ne bayan tayil ɗin, an raba shi gida huɗu, biyu da biyu, wato in ka kifa su ka jera sai su zama allo, girman da kake so da siffar da kake so. Daren nan ban yi barcin kirki ba ina ta lissafi a bayan littafin darasi.

Washegari bayan an tashi makaranta na wuce wajen kafintan unguwarmu da takarda a hannu. Nace Malam guntayen filawud nake so, guda 24, inci biyu biyu. Ya dube ni yace na mene ne, nace na wasan yara, yace to ai ga ragowa nan zube ba sai an sayi sabo ba, kuɗin yanka da samfefa kawai zan biya. Nan na yi kuskuren farko, na bi awon da na gani a intanet ban tuna cewa ni da murfin kwalbar lemo zan yi 'ya'yana ba, shi kuwa murfin kwalba ya ɗan fi inci ɗaya faɗi, tayil mai inci biyu in ka raba shi biyu kowane gida inci ɗaya ne cif. Sai da na zo gida na ja layi da rula na ɗora murafen sannan na ga suna hawa kan juna. Na koma, munka sake yankawa inci uku uku, waɗancan na farko kuma yara sunka maida su bulon gina gida.

Alamomin na canza su. Na asali akwai rana da wata da kambin sarauta da wata alama ta Turawa, ni kuma na bar rana ja da wata ruwan ɗorawa, sannan na sa kifi shuɗi saboda Argungu, da zangarniyar shinkafa koriya tunda mu Kabawa ita ce abin tinƙahonmu. Babbar ɗiyata ce ta zana su da fentin mai da tsinken ashana don ta fi ni hannu, kwana uku ta yi a kai. Murafe kuwa mai shagon bakin titi ya tara mana cikin kwana biyu, munka wanke munka ɓamɓare robar ciki, saman murfi alama, cikinshi lamba. A na asali in ka juya kwabo lamba kawai za ka gani ba za ka san na wane gida ba ne, akwai wasannin da suke buƙatar hakan, amma ni na rubuta lambar da launin gidan saboda na san wasannin da zan yi ba na ɓoye-ɓoye ba ne. Dogayen 'ya'yan huɗu kwarkwaron zare ne da maiɗakina ta gama amfani da su a keken ɗinki. Dayis ne sunka ba mu wahala, kafinta ya yanka guda huɗu amma duk yadda ya goge sai ka ga ɗaya ya fi son faɗuwa a fuska guda, yara ma sun gane har suna rububin shi, a ƙarshe dayis ɗin tsohon lido na tattara na zuba. Duka kayan sun shiga gwangwanin biskit ɗaya, murfi ya rufu.

Na ɗora ma kaina doka tun farko, duk wasan da zan ɗauko dole ya fito daga abin da ke cikin gwangwanin, ba ƙari.

Da dara na fara don na zaci ita ce mafi sauƙi. Gurbi 30, layi biyar a shida, kowa da 'ya'ya 12, ga murafe 24 kamar don ita anka yi su. To amma tayil bibbiyu yake tafiya, tara za su ba ka shida a shida, ba yadda za ka samu biyar. Na juya na juya, daga baya na jera tara ɗin, na ƙara uku a gefensu don su zama matashi, sannan na ɗora wasu uku a sama fuska a buɗe sunka rufe layi na shida. Ya yi, ko da yake gefe guda ya ɗan yi tudu.

Wanda zai yanke hukunci kan dara a gidanmu Kawu ne, ƙanen mahaifiyarmu, ya yi shekaru yana aiki a ƙasar Zuru kuma can ya ƙara gogewa, dama ko rubuce-rubucen Turawa kan dara Dakarkari, mutanen can Zuru, suke ambata. Na kai mishi bayan la'asar na shimfiɗa a gabanshi, nace Kawu kai ka ɗauki ja da ruwan ɗorawa ni in ɗauki shuɗi da kore. Munka fara zubi, ɗaya bayan ɗaya, ba a jera uku lokacin zubi, wannan duk ya tafi daidai. Da munka shiga tafiya sai na ga yana ta tsayawa yana ƙura ido, can sai yace, kai ɗana, wanga abu naka launi ya yi yawa, ni in na ga ja biyu da rawaya guda idona ba ya ce mani uku na ba. Kuma gaskiyarshi. A ƙasa tsinke ne da dutse, ko kara da ƙwallon wani abu, iri biyu rak, ido na gani ya san nawa ya san na abokin karawa ba sai ya yi tunani ba, ni kuma na zo na sa mishi aikin fassara launi a kan aikin lissafin wasa. Shi da kanshi ya kawo gyaran, ya kwashe nashi goma sha biyun ya juya su ciki a sama, yace to ga dutse ga tsinke. Shi kenan. Ya ci ni sau uku a jere kafin magariba, kuma a nan na koyi abin da ya yi mani amfani a sauran aikin, cewa kowane wasa akwai abin da yake ƙashin bayanshi akwai kuma abin da yake riga ce kawai, a dara ƙashin shi ne gurbi talatin da 'ya'ya iri biyu da dokar cewa uku ake jerawa, huɗu ba ci ba ne, kuma ba a tafiya a karkace. Ramin ƙasa riga ce, duk da shi Kawu har gobe ya fi son ya zauna gindin dalbejiya ya tona abinshi da yatsa, kuma ban ga laifinshi ba, ni ma na fi jin daɗin ƙarar dutse a rami.

Lido ne ya cinye mani sati biyu. Asalinshi wasan Indiya ne da ake kira pachisi, Turawan Ingila sunka sauƙaƙa shi a ƙarshen shekarun 1800 ya zama wanda muka sani, kuma allonshi kamar gicciye yake, kowane hannu faɗinshi gida uku tsawonshi shida. Uku kuma. Tayil ɗina biyu biyu. Na gwada hannu mai faɗin huɗu, tayil ba su isa ba. Na gwada gajeren lido mai zagaye da tayil 16, ya ba ni gida 36, yara sunka buga sau biyu sunka ce wannan kafin ka zauna an gama, kuma ci ya yi yawa, kowa na kan kowa. Har na fara tunanin in haƙura in zana lido a kwali kawai.

Wata rana ina ajin lissafi ina koya ma yara kewayen murabba'i sai abin ya faɗo mani. Me ya sa dole sai gicciye? Na zauna na ƙirga gidajen hanyar lido da kowa ke bi, 52 ne, kuma tsakanin mafitar wani da ta na gaba da shi gida 13. To in ka jera tayil a zobe, bakwai a kowane gefe, tsakiya fili, tayil nawa ka ci? 24 daidai, ba saura ba gibi. Kowane gefe ya zama gida 14, layin waje in ka zagaya, 14 sau huɗu a cire kusurwa huɗu da aka ƙirga sau biyu, 52. Daga kusurwa zuwa kusurwa taku 13. Wallahi sai da na sake lissafin sau uku a allo don ban yarda ba, har wani yaro yace Malam wannan ma za mu kwafa? Na dawo gida ko abinci ban tsaya ci ba na zazzage gwangwani a tsakar gida na jera, kowa mafitarshi kusurwa, ya zagaya ta layin waje, in ya dawo gidan da ke dab da kusurwarshi sai ya karya ya shiga layin ciki ya yi gida biyar ya faɗa tsakiya. Bambancin da na asali taku ɗaya ne tak ya ƙaru, ba wanda ya lura. Kowa ya ɗauki murfi huɗu daga cikin shidan gidanshi, sauran biyun ɗaya a aje shi a bakin kusurwa ɗaya a ƙarshen layin ciki don a san hanyar wa ce. Filin tsakiya kuma munka sa murfin gwangwanin a ciki ya zama wurin jefa dayis, abin da ya kashe rigimar nan ta dayis ya ture mani ɗa.

Sauran dokokin ba abin da na taɓa, dayis biyu, sai da siki ake fita, kuma a gidanmu in ka ci ɗan wani nashi ya koma gida naka ya haye. Matsala ɗaya da ta fito ita ce zoben ba ya zama wuri ɗaya, a kan siminti ko tabarmar roba yaro na ɗan gogar shi da gwiwa sai ya wargaje a rasa ina ɗan wa yake, ranar farko har kuka anka yi. Tsohon bargo ya magance wannan, a ninka shi biyu a shimfiɗa, katakon sai ya kama. Yanzu bargon ma ya zama cikin kayan wasa duk da ba ya shiga gwangwani, na ce ma kaina ai shi ƙasa ne ba kaya ba.

Akwai maganar da ya kamata in faɗa a nan. Babban yayanmu ba ya son duk wasan da ake jefa dayis, ya ce malamai sun yi magana a kai kuma yana tsoron ya zama ƙofar caca, ban yi musu da shi ba don girmanshi da kuma don na san ba daga son rai ya faɗa ba. Munka tsaya a kan cewa ba a sa ko sisi, ko alawa ba a sawa, ana kiran salla ana rufe gwangwani, kuma 'ya'yanshi dara da daraf kawai suke yi. Wannan ma wani amfanin kayan ne da ban hango ba, dayis na cire su in sa aljihu sauran kaya su ci gaba da aiki.

Maciji da tsani bai ɗau lokaci ba. Na asali gida 100 ne, nawa tayil 24 a jere huɗu a shida sun ba da 96, ba wanda ya damu da huɗun. Tsani da maciji murafe ne a juye, kore mai lamba uku gindin tsani shuɗi mai lamba uku samanshi, ja kan maciji ruwan ɗorawa wutsiyarshi, tsani shida maciji shida, kwarkwaro kuma su ne masu tafiya. Daɗinshi kullum sabon allo ne, yaran ke jera abinsu, kuma akwai ɗan yayana da kullum sai ya dasa jan murfi a gida na biyun ƙarshe. Tunda ba lamba a gidajen ƙanana kan manta ko dama za su yi ko hagu, sai munka riƙa ɗora tsinken tsintsiya a bakin kowane layi. Whot ma ta shigo da fuskar tayil, a bi alama ko a bi lamba, ɗaya hol on, biyu fik tu, biyar fik tiri kamar yadda aka saba, wanda ba lamba munka maida shi janar maket, amma fa kati 24 ba ya ɗaukar fiye da mutum uku, kuma riƙe katako biyar a hannun yaro aiki ne, sai dai a jingina su a bayan filo. Ban ƙirga ta cikin waɗanda sunka yi nasara sosai ba. Ayo na Yarbawa da wani abokin aikina ya ce in gwada ko farawa ban yi ba, rami 12 da ƙwaya 48 yake so, kuma ramin a nan ba riga ba ne, shi ne wasan, abin da ba shi da zurfi ba ya riƙe ƙwaya. Ces kuma, wato wasan chess, allon ya samu da tayil 16 amma 'ya'ya 32 iri shida ba su samu ba, na bar shi.

Daraf ne ya karya mani doka. Na sa ɗiyata ta ɗan duhunta gida biyu na karkace a bayan kowane tayil, sama-sama don kar ya dami masu dara, na jera 16 ya ba da takwas a takwas, kowa 12, sarki kuma a ɗora mishi murfin da aka ci a kai. Yara sun karɓa hannu bibbiyu. Sai na ɗauka na kai majalisarmu ta bakin titi inda ake buga daraf na gaske tun daga bayan isha'i har dare ya raba, ina jin na zo da abin nunawa. Wani abokina da munka taso tare ya duba ya ƙirga layi da yatsa yace, Malam wannan ai na 'yan firamare ne. Namu na Najeriya goma a goma ne, kowa da 20, ana ci da baya, sarki kuma yana tashi daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Nace ai dokokin duk na bar su, ci da baya da sarki mai dogon zango, haka ake yi a Rasha da Brazil a kan allo mai takwas. Yace to su can, mu nan tarkon da kake ɗanawa ka ba da biyu ka kwashe huɗu yana son fili, a wanga ɗan allo kafin ka gama shirya tarko an gama wasa. Munka buga biyu don in gani da idona kuma na gani. Abin da na ɗauka riga ce ashe a wajen gwanaye ƙashi ne.

Goma a goma tayil biyar a biyar yake so, 25. Ina da 24. Guda ɗaya tak. Na yi kwanaki ina neman dabara, na gwada barin gibi a tsakiya in ja layi a takarda in cusa, na gwada barin gibin a kusurwa, duk dai ƙari ne da wani suna, kuma ko allon ya samu 'ya'ya 40 ake so. Raina bai so ba don ina ganin kyan abin shi ne a ce komai daga 24 ɗin nan ya fito kamar yadda lido ya fito, amma kuma mutanen da na yi don su sun fi lissafin muhimmanci. Na koma wajen kafinta ya yanko mani guda ɗaya, bayanshi da layi fuskarshi ba alama, na tara ƙarin murafe 16 ban yi musu fenti ba tunda kife da buɗe ne ke raba su, na ɗaure su a leda daban cikin gwangwanin, yara na kiransu baƙi. Ranar da na koma majalisa da cikakken allo abokin nan nawa bai ce komai ba, ya dai gyara zama ya fara jera nashi, munka kai ƙarfe sha ɗaya.

Hutun da ya wuce mun je Argungu gaida kakar yara, gwangwanin na cikin jakar maiɗakina, abin da da sai mun ɗauki kwali huɗu. Can yaran maƙwabta sunka taru anka yi ta lido a zaure kwana uku. Da munka dawo Birnin Kebbi ɗiyata ta zo jera zobe sai ga gibi, munka ƙirga 23, kifi mai lamba huɗu babu. An buga waya an share zaure an ɗaga tabarmi ba a gan shi ba. Da lidon kasuwa ne ɗa ya ɓace sai a sa dutse a ci gaba, nan kuwa tayil ɗaya ya tafi da lido da maciji da tsani da whot gaba ɗaya. Baƙon nan na daraf shi ya shiga gurbin, ta zana mishi kifi da lamba huɗu ranar Asabar, fentin ma bai gama bushewa ba sunka fara wasa har ya ɗan kama bargo. Yanzu daraf ɗin majalisa ya koma jiran tayil ɗaya, na riga na gaya ma kafinta in ya samu ragowar filawud mai kaurin wancan ya yanka mani huɗu, ya ce in leƙo ranar Laraba.